An ɗaure ƙanena shekara 15 kan fashin da bai yi ba, me ya rage mana?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Lauya. Ni 'yar Aboabo ce a nan Kumasi, ina sayar da atamfa a Kejetia. Ƙanena direban Pragya ne, wato keke mai ƙafa uku na haya. Wata huɗu ke nan da kotun Sakit ta yanke masa shekara 15, wai yana cikin waɗanda suka tare wani mai Momo, wato mai shagon tura kuɗi ta waya, da adda suka ƙwace masa kuɗi. Wallahi daren da ake magana yana gida kwance, zazzaɓi ya kayar da shi, Mma ce ta kwana a kansa. Ba shi da lauya har aka gama shari'ar. Yanzu Mma ba ci ba barci. Kawunnanmu sun ce mu bar wa Allah. Wani mutum kuma ya ce mu haɗa sidi dubu 20, ya san wanda zai gani. Don Allah me uwa da dangi za su iya yi wa wanda an riga an yanke masa hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannunku da wannan jarrabawa, Allah ya kawo mafita, ya ba Hajiya lafiya da ƙarfin zuciya.

Bari in fara da mai sidi dubu 20, don shi ne gobarar da ta fi kusa da ɗaki. Kada ku ba shi ko fesuwa. Wanda kotu ta yanke wa hukunci, takardar ɗauri ce ta shigar da shi gidan yari, kuma ba abin da zai fitar da shi sai umarnin kotun da ta fi ta farko, ko afuwar shugaban ƙasa, ko cikar wa'adi. Babu wani "babba" da zai ɗaga waya a buɗe ƙofa. Na san abin da za a ce mini: ai a 2015 ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya nuna wa duniya alƙalai suna karɓar na goro. Haka ne, kuma alƙalai fiye da ashirin suka rasa aikinsu a kan haka. Amma masu yawo a harabar kotu suna cewa sun san wani, mafi yawansu ba wanda suka sani sai aljihunsu. Na ga gidan da aka sayar da fili a Sawaba aka miƙa wa irin wannan mutumin; bayan mako uku lambarsa ta daina shiga, kuma ba damar kai ƙara, don wanda ya bayar da cin hanci shi ma mai laifi ne a doka. Rabin kuɗin nan ya isa ya yi aikin da zan faɗa miki.

Abu na biyu ba daɗin ji. Ni ban san ko ƙanenki ya yi ko bai yi ba. A shekarun da na yi ina shiga gidajen yari, da wuya in haɗu da uwar da ta ce ɗanta ya aikata. Don haka alƙali ba ya girgiza in uwa ta rantse, ya ji irin rantsuwar sau ba adadi. Amma kuma duk wanda ya ce miki kotu ba ta kuskure, bai san kotu ba. Eric Asante malamin makaranta ne a Tamale. A 2005 aka yanke masa shekara 15 bisa zargin ya lalata ɗalibarsa har ta yi ciki. Ya yi ta cewa bai yi ba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi watsi da ƙararsa, sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli aka yi gwajin DNA, aka ga yaron da aka haifa ba nasa ba ne. A 2017 aka wanke shi, bayan ƙuruciyarsa ta tafi. Ga kuma Yaw Asante Agyekum, makanikin da aka haɗa da shari'ar shahararren ɗan fashi Ataa Ayi; Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallami makanikin a 2025 bayan kimanin shekara 23 a tsare. Waɗannan su ne waɗanda jarida ta ɗauka. Akwai waɗanda ba wanda ya ji sunansu, kuma abin da na lura da shi a kan masu fita shi ne, kusan kullum akwai wani a waje da ya ƙi sakin igiyar. Galibi mace ce. Uwa, ko yaya, ko matar aure.

Dalilin a fili yake. Ranar da aka yanke hukunci kowa ya gama aikinsa. Ɗan sandan da ya yi bincike ya rufe doket, wato fayil ɗin binciken, ya koma kan wata, mai gabatar da ƙara ya ƙara ɗaya a lissafinsa, alƙali ya kira ta gaba. Shi wanda aka ɗaure ba waya, ba kuɗi, ba ƙafar zuwa ofis. Duk ƙasar nan ba wanda aka ɗauka aiki don ya tashi da safe ya tuna da ƙanenki. Ku kaɗai ke kwana da shi ku tashi da shi. Aikinku shi ne ku ɗauki wannan "na san ɗana" da Hajiya ke faɗa, ku mayar da shi abin da alƙali zai iya riƙewa a hannu ya karanta.

Lokaci ya riga ya ɗan gota muku. Hukuncin kotun Sakit a shari'ar laifi, Babbar Kotu ake ɗaukaka shi, kuma wata ɗaya doka ta bayar. Ku kun yi huɗu. Ƙofa ba ta rufe ba, ana neman kotu ta ƙara lokaci, a rubuta takardar rantsuwa a bayyana abin da ya jawo jinkirin: ba shi da lauya, bai san haƙƙinsa ba, ba shi da hali. Kotuna sukan karɓi irin wannan uzuri, amma uzurin wata huɗu ya fi na shekara huɗu sauƙin shiga kunne. Shi da kansa ma yana iya miƙa takardar ɗaukaka ƙara ta hannun shugaban gidan yarin da yake, a tura masa ita kotu. Mutane da yawa a ciki ba su san da wannan ba.

Akwai wani tarko a nan da nake so ki gane. Ɗaukaka ƙara iri biyu ce: ko ka ce hukuncin ya yi tsanani a rage, ko ka ce tun asali bai kamata a same ka da laifi ba. Fursunoni da yawa ta farkon suke zaɓa, don ta fi sauri, kuma abokan zama su ce maka "roƙi sassauci kawai". To, a dokarmu fashi da makami mafi ƙarancinsa shekara 15 ne, ba makami kuma 10. Ke nan ƙanenki an riga an ba shi na ƙasan. Roƙon ragi ba inda zai kai shi. Samunsa da laifin za a ƙalubalanta gaba ɗaya.

Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da kundin shari'ar, wato duk abin da aka rubuta tun ranar farko: takardar tuhuma, abin da kowane mai shaida ya faɗa, tambayoyin da aka yi masa, abubuwan da aka gabatar, da hukuncin kansa. Kotun sama ba ta sake kiran shaidu ta fara daga farko. Kundin take karantawa ta ga ko alƙalin ƙasa ya kauce. Kundin tsarin mulkin 1992, sashe na 19(4), ya ce wanda aka yi wa shari'a, ko wanda ya wakilta, in ya nema, a ba shi kwafin cikin lokacin da bai wuce wata shida ba bayan hukunci. Ki riƙe lambar sashen nan, ki sa a rubuta ta a cikin wasiƙar nema. A kai wasiƙar ofishin rajistaran kotun da ta yi shari'ar, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku, da kwanan wata. Duk kuɗin da aka ce ku biya, ku karɓi rasit.

A nan ne shari'o'i da yawa ke mutuwa, shiru, ba wanda ya kashe su. A ce mai buga takardu ba ta zo ba. A ce alƙalin an yi masa canjin wurin aiki ya tafi da littafinsa bai sa hannu ba. A ce ana neman fayil. Lauya mai shari'a arba'in a hannu ba zai je ya zauna a benci kan fayil ɗaya ba. Uwa za ta zauna.

Akwai wata dattijuwa mai sayar da koko da na yi wa ɗanta aiki shekarun baya. Ba ta karatun boko ko kaɗan. Ranar da ta fara zuwa ofishina ta kwance ɗankwali ta fito da gwangwanin biskit, irin mai murfin nan da ake ajiye zare da allura. A ciki akwai duk wata takarda da ta taɓa shafar yaron: rasit na hoto, katin asibiti, guntun takardar da wani ɗan sanda ya rubuta mata lambar shari'a, har tikitin motar da ta shiga ranar da aka kama shi. A can ƙasa, a naɗe cikin leda, ga katin awon jarirai, ya yi ja don tsufa, gefensa ɓera ya taɓa. Ta ce, "Lauya, ban san mai amfani ba, shi ya sa ban yar da ko ɗaya ba." Takardar tuhuma ta ce yaron shekararsa 20. Katin awo ya nuna bai cika 17 ba ranar da aka ce ya yi laifin. Dokar shari'ar yara ta 2003 ba ta yarda a yi wa wanda bai kai 18 ba hukuncin manya a kai shi gidan yarin manya haka kawai ba. A kan wannan katin shari'ar ta juya. Kuma kafin a kai ga haka, matar nan duk ranar Talata sai ta sauke tukunya da wuri ta je ta zauna a ƙofar ofishin da kundin ya maƙale. Ba ta zagi kowa ba, ba ta ɗaga murya ba. Gaisuwa kawai take yi, ta ce ta zo duba takardar ɗanta. A wata na biyar ma'aikatan da kansu suka shiga ɗakin ajiya suka tono fayil ɗin, don sun gaji da ganin fuskarta.

In kundi ya zo hannu, ga irin abin da lauya zai bi da ido, kuma ya kamata ku san shi don ku iya yi wa ƙanenki tambayoyin da suka dace.

Bayanin da aka ce ya yi a ofishin 'yan sanda. Yaranmu na Zango da yawa da Turanci ake rubuta musu bayani, a kama yatsa a dangwala, ba su san me ke ciki ba. Dokar shaida ta 1975, sashe na 120, ta ce in mutum yana tsare, amsa laifin da ya yi ba ya karɓuwa sai an yi shi da son ransa, a gaban wani shaida mai zaman kansa wanda ke jin harshen da mutumin ke magana da shi, yake kuma iya karanta harshen da aka yi rubutun, ya tabbatar a rubuce cewa an karanta masa ya fahimta. Ki tambaye shi: wa ke ɗakin? Da wane harshe aka yi magana? An karanta masa kafin ya dangwala? An taɓa lafiyarsa?

Sai tafinta. Sashe na 19(2) na kundin tsarin mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. A Kumasi an ɗauka kowa na jin Twi. E, yaron Aboabo yana jin Twi na tasha da na ciniki, amma wannan daban da a karanta maka tuhuma ka gane bambancin haɗa baki da aikata fashi. Na ga wanda ya ce "e, na ɗauke su a Pragya", yana nufin fasinjoji ne bai san su ba, aka rubuta ya amsa laifi.

Sai yadda aka gane shi. An jera shi cikin mutane masu kama da shi mai ƙara ya nuna shi, ko kuwa an fito da shi shi kaɗai daga bayan kanta da ankwa a hannu aka ce "shi ne?" Fashin da dare aka yi? Akwai wuta a wurin? Mai ƙarar ya san shi a da? Mutumin da aka ɗora wa adda a wuya yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya a kan fuskar da ba ita ba ce, ba don yana ƙarya ba. Haka kuma tun 2018 Kotun Ƙoli ta ce dole masu gabatar da ƙara su ba wanda ake tuhuma takardun da ke hannunsu kafin a fara shari'a. A duba ko an ba shi.

Sai babbar maganarku, cewa yana gida. In tun a ofishin 'yan sanda ya faɗa cewa yana gida kwance, ya ambaci waɗanda ke tare da shi, aka ƙi zuwa a bincika, wannan hujja ce mai nauyi. In ya faɗa a kotu alƙali ya tsallake bai auna ba, ita ma haka. Amma in bai taɓa faɗa ba, aikin ya ƙara wuya, don kotun sama ba ta cika karɓar sabuwar shaida ba sai an nuna dalilin da ya hana kawo ta tun farko. Duk da haka ku tattara, yau ba gobe ba. Shaidar uwa karɓaɓɓiya ce a doka, ba a hana ta don ita ta haife shi, sai dai tana son abin jingina. Wane kemis aka sayo maganin zazzaɓin? Da Momo aka biya? In haka ne akwai rana da lokaci a rubuce. An kai shi asibiti da katin inshorar lafiya? Mai Pragyar da yake yi wa aiki, ba ya rubuta kuɗin da ake kawo masa kullum? Littafin zai nuna ranar ba a fita ba, ko wani ne ya fita da ita. Wa ya shigo duba shi a gidan haya mai ɗaki goma? Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi, ki zaunar da Hajiya ta ba ki labarin daren daga magariba zuwa asuba, ki rubuta yadda ta faɗa, da kwanan wata. Bayan shekara biyu ƙwaƙwalwa za ta gauraya Laraba da Alhamis, maƙwabcin ya koma Tamale, mai kemis ya rufe shago.

Abu biyu kada ku kuskura. Kada ku gyara wa kowa magana, ko ku nemo wanda bai gani ba ya ce ya gani. Ƙarya ɗaya in ta fashe, gaskiya tara da ke gefenta sun tafi tare da ita. Kuma kada ku je gidan mai ƙara, ko da roƙo ne, ko da rakiyar limami. Fashi laifi ne tsakanin mutum da ƙasa, mai ƙara ba shi da ikon janye hukuncin da aka yanke, kuma zuwan naku ana iya juya shi ya zama barazana ga shaida. Shi kuwa lauyanku, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in yaron yana da abokan banza, in an taɓa kama shi, in yana shan wani abu, ku faɗa masa tun a ofis, kada ya fara ji daga bakin lauyan gwamnati.

Maganar lauya. Hukumar ba da tallafin shari'a, wadda kowa ke kira Legal Aid, tana da ofis a Kumasi, kuma don marasa hali aka kafa ta; dokar 2018 ce ta mayar da ita hukuma mai cin gashin kanta. Lauyoyinta kaɗan ne, aiki ya fi ƙarfinsu, don haka wanda ya zo da takardunsa a jere kuma yake leƙowa, nasa ke motsi. Akwai ƙungiyoyi irin su POS Foundation da Crime Check Foundation da suka daɗe suna aikin fursunoni. Za ki ji ana maganar shirin Justice for All, wanda tun 2007 alƙalai ke shiga cikin gidan yari su zauna. Shi an yi shi ne musamman don masu jiran shari'a da aka manta da su, ƙanenki kuwa an riga an yanke masa, kada ku zauna jiransa. In lauya mai zaman kansa za ku ɗauka, a rubuta yarjejeniya, a biya kashi-kashi gwargwadon aiki, kuma ku nemi kwafin duk takardar da ya shigar mai hatimin kotu. Wanda ya ce miki "na ba ki tabbacin zai fita", ki ɗauki jakarki. Beli kafin a gama sauraron ɗaukaka ƙara yana yiwuwa a doka, amma a laifin fashi da wuya ƙwarai, kada ku ɗora rai a kai.

Duk wannan aikin takarda ne, kuma yana iya cin shekara biyu ko fiye. Dole mutumin da ake yi dominsa ya kai lokacin da ransa da hankalinsa. Nan ne wurin Hajiya, ba mai iya tsaya mata.

Ki je Adum da safe ki ga layin ziyara a gidan yarin Kumasi. Kusan duk mata ne, kowacce da jakar leda: gari, sukari, shito a kwalba, sabulu, man shafawa, maganin ƙaiƙayi. In dafaffen abinci ne a buɗe, a tona da cokali, a ce ki ɗanɗana. Shekara da shekaru kuɗin abincin fursuna ɗaya a rana sidi 1 da fesuwa 80 ne, sai a 2025 aka ɗaga shi zuwa sidi 5. Ki auna da kanki abin da wannan zai saya a kasuwa. Garin da kuke kaiwa shi ne abincinsa, shi ne kuɗinsa a ciki, shi ne kuma shaidar cewa yana da mutane. Fursunan da ake zuwa dubawa, kowa a ciki ya san in wani abu ya same shi akwai mai tambaya.

'Yan mintoci ne ake bayarwa, cikin hayaniya. Na sha ganin uwa ta ƙarar da su duka tana kuka, shi ma yana kuka, a ce lokaci ya yi. Ba na hana uwa kuka, wa ya isa. Amma ki roƙe ta ta riƙa zuwa masa da labari: an kai wasiƙa ranar kaza, lauya ya ce kaza, 'yarka ta fara tafiya, limamin masallacinku yana gaishe ka. Kuma ta faɗa masa da bakinta, ba sau ɗaya ba, cewa ta yarda da shi. Wanda aka ɗaure da laifinsa yana da abin da zai yi wa tuba. Wanda aka ɗaure ba laifi, abin da ke cinsa shi ne kowa ya ɗauke shi maƙaryaci, har ya fara shakkar kansa. Ku kuma shirya wa canjin wuri, don masu dogon wa'adi akan kwashe su zuwa Nsawam ko Ankaful ba tare da an sanar da gida ba. In haka ta faru ziyara ta zama tafiyar yini da kuɗin mota, in Nsawam ne ta Konongo da Nkawkaw, sai a koma sau ɗaya a wata, a riƙa karɓa-karɓa.

Yanzu kawunnanku. Ban ga laifinsu sosai ba, tsoro ne da kunya. A Zango in an ce fashi, har mai sayen kokon gidanku sai ya canja layi. Za a ce ruwa ba ya tsami banza. Za a ce ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Maganar auren ƙanwarku tana iya yin sanyi ba a faɗi dalili ba. Maza da yawa ba sa iya ɗaukar wannan, sai su fake da "a bar wa Allah". To, a bar wa Allah, wa ya ƙi? Amma Annabi Yakubu da ya yi haƙuri mai kyau, shi ne kuma ya ce wa 'ya'yansa su tafi su nemo labarin Yusufu da ɗan'uwansa, kada su yanke ƙauna. Shi kansa Annabi Yusufu da aka zo fitar da shi daga kurkuku, cewa ya yi a koma a binciki maganar matan nan tukuna, don sunansa ya fita tare da shi. Ki sa malamin da kawunnan ke jin nauyinsa ya tuna musu wannan. Kuma mu mutanen Kumasi ba mu manta Yulin 2018 ba, lokacin da 'yan sanda suka harbe samarin Zango bakwai a yankin Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne. Da iyayensu da jama'ar Asawase sun sunkuyar da kai, da sunan da za su tafi da shi ke nan. Suka ƙi. Kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami hujjar cewa 'yan fashi ne ba, aka biya kowane gida diyyar sidi dubu 250.

Kada ku ce kawu ya je layin Adum, ba zai je ba. Ku ba shi abin da zai iya: kuɗin mota na wata, ko kuɗin makarantar yaran, ko rakiya wurin Sarkin Zango in ana bukatar wasiƙa. A raba kayan. Mutum ɗaya ya riƙe takardu da lambar lauya, ina ganin ke ce. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗi da littafinsa, ko da adashi za a kafa. In yana da mata, a zauna da ita a yi maganar gaskiya, a ji abin da za ta iya, kada a bar ta tsakanin iyayenta masu cewa ta fito da ku masu cewa ta zauna. Hajiya kuma a kai ta a auna jininta. Ba wasa nake ba. Na binne uwaye biyu da shari'ar 'ya'yansu tana hannuna, ɗaya saura wata uku a yanke hukunci. Ta koma sana'arta, ta je suna, ta je biki. In ta kwanta, shi ma a ciki ya kwanta.

Za a zo muku da maganar afuwa. Sashe na 72 na kundin tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa ikon yin afuwa bayan shawara da majalisar dattawan da ke ba shi shawara, wato Council of State, kuma akan yi wa fursunoni da yawa a lokaci guda. Akwai kuma ragin kashi ɗaya cikin uku na wa'adi ga mai kyakkyawan hali, wato 15 tana iya komawa 10. Shi ya sa za ku riƙa ja masa kunne ya guji faɗa da wayar sata a ciki. Amma afuwa ba wankewa ba ce. Wanda kotu ta wanke ne sashe na 14(7) ya buɗe wa hanyar neman diyya a Kotun Ƙoli. Kada ki ɗauka wani abin kirki ne: Eric Asante, bayan duk abin da ya gani, sidi dubu 45 aka ba shi. In wata rana zaɓi ya zo tsakanin fita da wuri da tsayawa kan wanke suna, ku bar masa ya zaɓa. Shi ke kwana a wurin.

Ke kuma da kika rubuto, tunda yaya ce, ga wata irinki. A Japan an kama wani ɗan dambe, Iwao Hakamada, a 1966, aka yanke masa hukuncin kisa a 1968. Mahaifiyarsu ta rasu ba da daɗewa ba, sai yayarsa Hideko ta ɗauki ziyarar da bin lauyoyi. An sake shi a 2014, kotu ta wanke shi a Satumbar 2024, tana da shekara 91. Shi zaman ya riga ya taɓa masa hankali, ita ce ta riƙa tsaya masa a kotu. Ban kawo miki wannan don in ce taku za ta yi tsawo haka ba, Allah ya kiyaye. Na kawo ne don Hajiya ba yarinya ba ce, kuma ya kamata tun yanzu ki san duk inda kowace takarda take.

Ranar Litinin ki je ofishin rajistara ki karɓo lambar shari'ar da ainihin ranar da aka yanke hukunci, ki shigar da wasiƙar neman kundi. Daga nan ki wuce Legal Aid da katin Ghana naki da kwafin wasiƙar. Kowace takarda ki yi mata hoto uku, ki kuma ɗauka a waya. Ta asali kada ta kwana a hannun kowa, har lauya. A ziyara ta gaba ki bar Hajiya ta fara gaisawa da ɗanta, sannan ki karɓi minti biyu na ƙarshe ki tambaye shi wa ke ɗakin ranar da ya dangwala yatsa, da kuma ko ya gaya wa ɗan sandan cewa yana gida kwance. Abin da ya ce ki rubuta shi kafin ki hau mota.